Ranar da Na Zuba Wardi a Tukunyar Inna

Ku matso nan kusa, 'ya'yana da jikokina, har da ku na gidan Auyo in takardar nan ta isa hannunku. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a baki, ban haɗiye ba, ban kuma tofar ba. Karatuna bai wuce 'yan surorin salla ba, ajamin nan ma da furfura na koye shi a wajen babanku, saboda haka in kun ga layi ya karkace ku bi shi a hankali. Ina jin abin da kuke faɗa in an haɗu wajen biki. Na Haɗeja su ce humrarmu ce ta asali tunda tukunyar tana ɗakina, na Auyo su ce tasu ce tunda ita ce mai ƙamshin Inna, mahaifiyarmu. To, ni na haddasa wannan rabuwar, ni ya kamata in faɗi yadda aka yi.

Tukunyar da ake ta wannan magana a kanta ba wata babba ba ce, ba ta kai rabin tulun ruwa ba. Baƙa ce wuluk, an ɗaure wuyanta da jar fata saboda wata tsaga da ta yi tun ba a haife ni ba. Kakarmu Aisa ce ta ɗauko ta a ka daga garinsu can bakin Tafkin Chadi lokacin da suka taso zuwa nan. Ta yar da tabarma a hanya, ta yar da akushi, amma ba ta sauke wannan ba. Humra ce a ciki, mai kauri kamar kunun da ya kwana, kuma doka ɗaya ce a kanta: ba a ganin gindinta. Ana ɗiba a shafa wa amarya, a ba mai jego, a sayar wa wadda ta zo nema, amma kafin ta ƙare sai a ciyar da ita. Haka muke cewa, ciyarwa, sai ka ce akuya. Duk shekara in ruwa ya janye daga fadama sai a tono kajiji, wannan 'yar saiwar mai ƙulli-ƙulli, a wanke, a shanya a inuwa don rana tana sace masa ƙamshi, a daka, a turara shi da hayaƙin hawi. A jiƙa farcen turare, a kankare, a soya cikin yashi. A kawo kanumfari da garin sandal da jibda 'yar mitsitsiya a bakin tsinke, a kwaɓa duka da man riɗi a juye a kan na da. Sabo ya kwanta a kan tsoho, tsoho ya koya masa hali. Saboda haka duk macen da ta shafa humrar gidanmu, akwai ɗan abin da hannun Kaka Aisa ya kwaɓa a jikinta.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna ta yi shekara uku ba ta gani. Babanku Malam Idi, Allah ya jiƙansa, shi ya ce in ɗauko ta ta zauna da mu a cikin gari, ita da tukunyarta. Yayata Falmata kuwa tana aure a Auyo, mijinta manomin shinkafa ne, ita ce take tono mana kajiji duk shekara ta kawo. Da idon Inna ya tafi sai hancinta ya karɓi aikin. Tun mutum yana zaure take sanin ko wane ne. Babanku fataucin busasshen kifi yake yi zuwa Kano, kafin ya yi sallama za ka ji ta ce, ga tarwaɗa ta dawo, a ba shi ruwa. Shi kuma ya yi ta dariya yana cewa ko wanka bakwai ya yi Inna sai ta tona masa asiri. Amma abin da nake so ku riƙe shi ne na ranar Juma'a. Duk Juma'a da hantsi, bayan ta yi wanka, sai in ɗauko tukunyar in ɗora mata a cinya, ta kwance ƙyallen, ta ɗage faifan, ta sunkuyar da fuska ciki ta daɗe. Wani lokaci in ji tana magana ƙasa-ƙasa da Barbarci. Na taɓa tambayarta da wa take yi.

"Da uwata mana, Gana," in ji ta, don haka take kirana, ni ce ƙarama. "Na manta fuskarta. Muryarta ma ta ɓace mini. Amma in na buɗe nan, ga ta a zaune."

A wannan daminar ne wardi, turaren man wani fure, ya shigo gari. Fatake suka zo da shi daga Kano, wai Larabawa ne suke ƙetaro sahara da shi, a cikin 'yan kwalabe masu zanen ruwan zinariya. Kafin a yi wata biyu matan Haɗeja sun haukace. Wadda ba ta da shi ta ara, wadda ba ta samu aro ba ta je ta zauna kusa da mai shi don zanenta ya ɗauka. Matan da tun ina yarinya suke zuwa ƙofar Inna da 'yan tandayensu na fata suka fara ɗauke ƙafa, in mun haɗu a hanya su yi ta doguwar gaisuwa suna kallon ƙasa. Ni ban taɓa jin sa sosai ba sai ranar sunan wata maƙwabciyarmu. Na ci ado, na shafa humrarmu har bayan kunne, ina shiga ɗakin mai jego sai Gambo, matar wani madugu, mace mai bakin da ba ya hutawa, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Ikon Allah! Wa ya shigo mana da fadama cikin ɗaki? Ku ɗaga tabarma ku duba, ko da kwaɗo."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki.

"Fadamar ce ta haifi shinkafar da kika cika tumbi da ita, Gambo. Ga ƙwaya ɗaya can ta maƙale miki a haɓa."

"To na ji. Miƙo hannunki, 'yar Barebari, ki ji abin da mutane suke shafawa yanzu."

Na miƙa don in samu abin kushewa. Ta ɗiga mini ɗigo ɗaya a wuyan hannu. Na kai hanci da niyyar in ce yana hawa kai, sai maganar ta tsaya. 'Ya'yana, humrarmu ƙamshi ne mai nauyi, mai zama a ƙirji, kamar ɗakin ƙasa da aka rufe bayan an sha ruwan sama. A cikinsa aka haife ni, ban taɓa tambayar kaina ko ina son sa ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar kansa ko yana son sunansa. Wannan kuwa sai na ji kamar an ɗage mini asabarin ƙofa da sanyin safiya. Ban taɓa ganin furen ba, har yau ban gani ba, amma na ji kamar na san shi. A fili na taɓe baki na ce ba laifi. A hanyar gida kuwa hannuna yana hancina kamar mai haɓo, da na zo alwalar la'asar har haushin ruwan na ji, Allah ya yafe mini. Ina shiga tsakar gida Inna ta ɗaga kai.

"Wa kika runguma a can?"

"Gambo ce ta shafa mini wardinta, Inna."

"Uhm. Ƙamshin waɗanda ba su da kaka. Je ki wanke."

Na wanke. Amma da babanku zai koma Kano na bi shi har zaure na ce ya sayo mini, kada ya gaya wa kowa. Ya ce shi hancinsa kifi ya gama da shi, in dai gaya masa launin kwalbar. Ya kuwa kawo, kwalba mai tsawon tafin hannu, cike da man wardi. Ina zan ɓoye abu a gidan da Inna take? Na naɗe ta a fata na cusa cikin damin kifinsa a ɗakin ajiya, nan ne kaɗai hancinta ba ya ratsawa. In na faki ido na je na buɗe na shaƙa na mayar, kamar ɓarauniya a gidan kaina.

Ruwan shekarar ya yi yawa. Kogi ya cika ya bazu, ya zo yana lasar gindin ganuwa, hanyar Auyo ta zama sai da jirgi. Lokacin da ya saba janyewa ya zo ya wuce, yana nan zaune. Tukunya kuwa ta yi ƙasa fiye da kowace shekara, kuma da hannuna a ciki: don in riƙe 'yan matan da suka rage suna zuwa, na riƙa cika musu hannu fiye da ƙima, ga Inna ana shafa mata a ƙirji kullum saboda tari. Wata safiya na ɗage faifan na ga saman humrar ya fara tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani, gefenta yana ɓamɓarewa daga jikin tukunya. In ta bushe ta mutu ke nan, ko an zuba sabo ba zai kama ba. Na aika wa Yaya Falmata ta hannun wani masunci. Bayan kwana uku ya dawo ya tsaya a ƙofar gida ya ba da saƙo.

"Ta ce kajiji yana ƙarƙashin ruwa har wuya. Ta ce ki jira ta kwana ashirin. Ta ce in maimaita miki sau biyu: kada ki taɓa komai, kada ki taɓa komai."

Kullum da safe, kafin ta tambayi koko, Inna sai ta ce, yaya tukunya? In ce lafiya. Juma'ar da ta biyo ta sa yatsa ciki, ta ji tsagar, ta ce Falmata ba ta taɓa saɓa lokaci ba, za ta zo. Na ce in sha Allah. Amma na kasa zaune na kasa tsaye. Tuwo ya ƙone mini sau biyu a mako ɗaya, har babanku ya tambaya ko wani abu ya yi mini.

Ranar Talata ce, bayan azahar. Inna ta yi barci a inuwar rumfa, babanku yana kasuwa. Na shiga ɗaki na buɗe tukunya, tsagar ta yi zurfi har ina hango duhu a ƙasanta. To, a nan ne nake so ku buɗe kunne, don a nan ne labarin da na saba ba ku ya bar gaskiya. Na sha gaya muku cewa ba ni da wata dabara, ko in zuba wardi ko tukunya ta mutu. Ba haka ba ne. Ga tulun man riɗi nan a bayan ƙofa, ko taku biyu babu. Man riɗi zalla ba ya ƙara ƙamshi, ba ya kuma ragewa, zai jiƙa ta ya riƙe ta har wata guda. Na sani, don ina yarinya na ga Inna ta yi haka a wata shekarar fari. Na dubi tulun. Har na kai hannu na taɓa marfinsa. Sai na tashi na tafi ɗakin kifi na ɗauko kwalbar. Tun ranar sunan nan abu ɗaya yake yawo a kaina: in nauyin humrarmu ya haɗu da sauƙin wannan, me za a ji? Na ce ɗigo uku kawai. Na ɗiga uku, ƙasar ta shanye kamar ba a yi ba. Na ƙara. Da na farga kwalbar ta koma rabi, ina juya humrar da muciyar Inna, ƙamshi yana tasowa yana cika ɗakin. Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda nake ban taɓa jin abu mai daɗin wannan ba. Na zauna dirshan a ƙasa ina shaƙa, hawaye yana zubo mini, na daɗi ne ko na tsoro ban sani ba.

Tsoron ne ya daɗe. Na rufe tukunya da faifai biyu, na naɗe ta da tsohon bargo, na tura ƙarƙashin gado. Na wanke hannu da toka, na sake da sabulun salo, na canza zane, na zuba barkono a wuta wai don hayaƙi ya kori abin. Tarin barkonon ne ya tashi Inna.

"Gana, kashe ni za ki yi? Wa ya zo gidan nan?"

"Ba kowa, Inna."

"An yi baƙuwa. Ga ta nan har yanzu a iska."

"Au, Gambo ce ta leƙo neman aron turmi."

"Matar madugu ba ta da turmi?" Ta juyo da fararen idanunta daidai inda nake tsaye. "To. Allah ya ba ta."

Kwana uku ya rage Juma'a. Na yi ta saƙa da warwara. In ce tukunyar ta faɗi ta fashe? In ce wardin ne ya zube ciki bisa kuskure? In kwashe saman in zubar? Na gwada wannan ranar Laraba, na tarar ya ratsa har ƙasa, jikin tukunyar ma ya sha. Ina cikin wannan hali, ranar Alhamis da hantsi, na ji sallama a zaure, muryar da ban yi tsammani ba sai bayan kwana goma sha biyu. Yaya Falmata ce, da ƙunshi a ka, zanenta jiƙe har gwiwa. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, in ta dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara. Ta sauke ƙunshin ta durƙusa gaban Inna. Inna ta shafa kanta, ta shafa ƙafafunta, ta tsaya.

"Mene ne wannan duk a ƙafarki?"

"Matsattsaku ne, Inna. Na kasa barci da saƙon Gana, sai na sa aka kai ni wani ɗan tudu a jirgi. Ruwa har ƙirji, da yatsun ƙafa na riƙa lalubo shi. Bai da yawa, amma zai ciyar da ita." Ta juyo gare ni. "Ina take? Kawo in gani."

"Haba Yaya, ko ruwa ba ki sha ba. Gobe Juma'a, a buɗe gaba ɗaya."

Ta dube ni, ta ce to. Yinin nan tare muka daka kajijin, turmi ɗaya taɓarya biyu, ta saukar in ɗaga, in saukar ta ɗaga. Inna tana gefe tana jin daɗi, tana ba mu labarin yadda Kaka Aisa take zagin duk wadda ta daka da garaje. Sau nawa na buɗe baki in faɗa. Duk sanda na ɗago sai idona ya sauka a kan ƙafafun Yaya, tabo a kan tabo, wasu suna tsattsafar jini, sai in mayar da kai cikin turmi.

Juma'a da hantsi Inna ta yi wanka ta zauna a tabarmarta. Yaya ta ce ita za ta ɗauko. Na ji ta tana jan abu daga ƙarƙashin gado, na ji ta tsaya, don ta ga bargon. Ta fito da tukunyar a rungume, fuskarta ba ta nuna komai, amma na san ta riga ta ji. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙaraso ba.

"Kawo mana," in ji Inna, tana miƙa hannu biyu.

"Inna, bari sai mun ciyar da ita tukuna."

"Yau Juma'a. Kawo."

Ta ɗora mata a cinya. Inna ta kwance ƙyallen, ta ɗage faifai ɗaya, ta lalubo na biyu ta yi ɗan murmushi, ta ce wa ya yi mata rawani. Ta ɗage shi ta sunkuya. Ina tsaye jikin turmi, ina jin kukan kaji a bayan gida da ladanin da yake gwada murya a nesa. Ta ɗago, ta sake sunkuyawa, ta zurfafa fuskarta har goshinta ya taɓa bakin tukunyar. Ta kira wani suna da Barbarci, a hankali, kamar mai leƙa ɗaki tana neman mutum. Ta jira. Sannan ta ɗago ta mayar da faifan da kanta.

"Wannan tukunyar wa ce?"

Na zube a gabanta na kama ƙafarta. Na ce tata ce, na ce bushewa take yi, na ce na ji tsoro, na ce ba ni da abin da zan zuba. Magana tana ta zubowa daga bakina kamar ba ni nake yi ba. Inna ta saurare ni har na gaji, ta ɗora hannu a kaina.

"Tashi, Gana. Tana da daɗi, ban ce ba ta da daɗi ba. Mata za su so ta." Ta tura tukunyar gefe da bayan hannu. "Amma ba kowa a ciki. Ɗauke."

Da ta zage ni, da ta ɗaga sandarta ta kwaɗa mini, da na fi samun sauƙi. Ba ta sake tada maganar ba. Ba ta kuma sake tambayar tukunya da safe ba. Yaya ta zauna kwana tara, ta kwaɓa sabuwar humra a sabuwar tukunya da kajijin da ta sha wuya a kansa, ba ta bar ni na taɓa ko kanumfari ɗaya ba. Ta kai wa Inna. Inna ta shaƙa ta ce, kajiji ne mai kyau, Allah ya yi miki albarka, ta miƙo mata. Daga nan duk Juma'a takan yi wankanta ta zauna a tabarma, hannuwanta a kan cinya a buɗe, ba ta cewa komai har a tafi masallaci. Ni kuwa in ɓuya a madafa ina hura wutar da ba ta mutu ba. Ga wani abin kunyar: wata amarya da na shafa wa humrar ta fita da ita cikin mata, kafin mako biyu ƙofarmu ta cika. Waɗanda suka ɗauke ƙafa suka dawo, suka kawo ƙannensu. Gambo da kanta ta zo, tana cewa ita dama ta san 'yar Barebari da hannu. Inna tana rumfa tana jin su suna shewa suna yaba mini.

Tarin ya ci ƙarfin Inna da zafin rani, har Allah ya yi mata rasuwa. Mu biyu muka yi mata wanka, ni da Yaya. Da aka zo turara likkafani na juya zan shiga ɗaki, don a gidanmu ba a taɓa rufe mace ba tare da an shafa wa likkafaninta daga tukunyar ba. Yaya ta riƙe mini hannu, riƙon da ya bar mini shaida kwana uku.

"Ba da wannan ba."

Da kajiji zalla aka turara shi. Bayan addu'ar bakwai ta ce ba ta son komai cikin kayan Inna sai tsohon kallabinta, wanda ya sha humra shekara da shekaru har ya yi baƙi ya yi nauyi. Shi ta jiƙa a man riɗi a Auyo ta tatse, ta kafa tata tukunyar a kansa. Ku na gidan Auyo, asalin taku ke nan, kuma in ana maganar wadda ta fi kusa da Kaka Aisa, taku ce, na faɗa da bakina.

Ranar da Yaya za ta koma Auyo na raka ta bakin ruwa da safe. Mai jirgi yana ta kiran a yi sauri, ta sa ƙafa ɗaya ciki, sai ta juyo. Tun ranar Juma'ar nan ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba sai a wannan wurin.

"Gana, tsakaninki da Allah. Da na shiga ɗauko tukunyar na ga tulun man riɗi a bayan ƙofa, cike. Kin san zai riƙe ta?"

Na dubi idonta na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Ta ce, "To, shi ke nan," ta shiga jirgi ta zauna ta ba ni baya. Mun yi shekara ashirin da wani abu bayan haka muna zumunci, ta zo sunayenku, na je na 'ya'yanta, mun yi dariya tare, amma ba ta sake shiga ɗakina ba, a tsakar gida take shimfiɗa tabarma. Ta rasu ban gyara wannan amsar ba.

Na sani, Yaya. Na sani sarai. Ba ceton tukunya ne ya kai hannuna ga kwalbar ba, so ne. Na raba makauniya da uwarta don in ji yadda ƙamshi biyu za su haɗu. Na yi istigfari a kan ƙaryar, na yi sadaka, na yi kuka har ya ƙare. Amma ga inda na maƙale, shi ya sa na kira ku: malamai sun ce tuba sai da nadama da barin abin, ni kuwa ko yau da safe da na buɗe tukunyar nan sai da zuciyata ta yi fari kamar ranar farko, na lakata na shafa a wuya. Ku da kuka fi ni karatu, ku gaya mini, yaya mutum yake tuba daga abin da har yau yake so?